ER-6n ɗina ya daina shaƙewa a 6,000, ashe rariyar famfon mai ce

Assalamu alaikum 'yan uwa masu fama da manyan mashina. Alhamdu lillahi, Kawasaki ER-6n ɗin nan da na dame ku da kukansa tun kafin azumi ya buɗe. Jiya da la'asar na fita hanyar Jega, ina wuce Kalgo na murɗa totur a giya ta huɗu, juyin inji a minti ya haye 6,000, ya haye 8,000, babu shaƙewa babu tari. Sai da na yi kabbara a cikin hular kwano.

Ga wanda bai bi maganar tun farko ba, mashin ɗin ƙirar 2009 ne, silinda biyu, 649cc, mai injekta, na hannu da ya shigo ta Kwatano. A cikin gari ba ka taɓa cewa yana da wata cuta. Bugu ɗaya yake tashi, silo ɗinsa (juyin inji a tsaye) daidai, daga Gesse zuwa Badariya a nan Birnin Kebbi ka yi ta yawonka lafiya lau. Amma ka fita babban titi ka nemi wuce tirela, daidai inda kake buƙatar ƙarfinsa, nan zai noƙe maka. Ka murɗa ya yi kamar zai tafi, yana kusantar 6,000 sai ya shaƙe, ya riƙa fizga. Ka sassauta hannu ya dawo daidai. Duk wanda ya taɓa tsintar kansa a gefen tirela, ga mota tana tahowa ta gaba, ga mashin ya ƙi amsawa, ya san wannan ba matsalar da ake cewa a bari sai an samu kuɗi ba ce.

Kowa na kai wa, amsa ɗaya ce: ƙwaƙwalwar mashin, wato kwamfutar da ke sarrafa injin, ta lalace. Wani dattijon bakanike da nake girmamawa, wanda a kan Boxer da Jincheng babu na biyunsa, ya zagaya mashin ɗin ya leƙa ƙarƙashin tanki ya ce, "Malam, wanga ba shi da kabureta? To mi za mu wanke?" Ban ga laifinsa ba, ba aikinsa ba ne. Abin da ya hana ni yarda da zancen ƙwaƙwalwa shi ne wutar FI, mai gargaɗi in tsarin injekta ya samu matsala, ba ta taɓa kamawa ba, ko sau ɗaya. Da wata sansa ce ta mutu ko waya ta tsinke, da ta nuna.

Filogi aka fara canzawa. Irin nasa NGK CR9EIA-9 ne, babu shi a nan, daga Kano aka sako mini a mota, guda biyu N36,000 har da kuɗin direba. Wannan kuɗin har yau yana mini ciwo, don bai gyara komai ba, ga shi kafin ka kai ga filogin sai ka sauke tanki ka cire akwatin iska. Amfani ɗaya da na samu shi ne ganin tsofaffin: bakinsu fari fat, ba ruwan ƙasa-ƙasa irin na inji mai lafiya ba. Farin filogi yana nufin iska ta fi mai yawa, wato inji yana jin yunwa. Filtar iska kuma na wanke ta, ƙurar hunturu ta cika ta, silo ya ɗan ƙara daɗi, amma shaƙewar tana nan. Na gwada buɗe murfin tanki nan take bayan ya yi abin nasa, ko numfashin tankin ne ya toshe. Ban ji wani zuƙar iska ba.

Daga nan hankalina ya koma kan famfo. Na aro gejin auna ƙarfin mai wurin wani mai gyaran motoci, muka jona. Ƙa'idar wannan mashin kusan bar 3 ce, wato 43 psi, kuma a silo allurar ta tsaya nan cak. Mai gejin ya ce, "Oga, famfonka lafiya yake, ka nemi wani wuri." To a nan ne mutane da yawa suke sakin hanya, shi ya sa zan ɗan tsaya a kai.

A silo inji ɗan mai kaɗan yake sha. Ko da hanyar man ta kusa toshewa, abin da ke ratsawa ya isa ya riƙe allurar geji a bar 3. Da ka buɗe totur a kan titi, injekta biyu suna neman mai ninkin-ba-ninkin, sai famfo ya kasa jawo abin da ake fitarwa, ƙarfi ya faɗi, feshin ya ragu. Ita kuwa ƙwaƙwalwa ba ta da sansar da ke auna ƙarfin mai a wannan mashin. Lokacin buɗe injekta kawai take lissafawa, ta ɗauka man yana zuwa yadda ya kamata. Shi ya sa wutar FI ba ta ce komai ba. Geji a tsaye ba zai nuna maka wannan ba, yawan man da ke fitowa za ka auna.

Akwai alamu biyu da tun farko suke nuni da haka. In ya shaƙe na kashe shi na ɗan huta a inuwa, sai ya yi kyau na wani ɗan lokaci kafin ya koma. Kuma ya fi yin abin in mai ya yi ƙasa a tanki. Dattin da famfo ya zuƙo ya manne a rariya ne yake zubewa in an kashe, sannan ya sake taruwa.

Gwajin bai ci ko sisi ba. Na zare tiyon da ke fita daga tanki, na sa bakin a robar ruwa busasshiya, na kunna makulli. Kun san famfon yana yin kuka na 'yan daƙiƙoƙi ya tsaya. Maimakon man ya fito da ƙarfi, wani ɗan zirara ya yi, launinsa ja-ja. Na ja layi da biro a inda ya tsaya a jikin robar, na ajiye don kwatantawa.

Na cire kan batir, na tsiyaye tankin a tsakar gida nesa da madafa, na kife shi a kan tsohuwar katifa, na kwance famfon ta ƙasa. Wallahi da na ga rariyar sai da raina ya ɓaci. Abin da ya kamata ya zama fari ya koma ruwan kunun kanwa, ya daskare, kamar rariyar tatar gasara da dusa ta liƙe mata ido. Na goga yatsa, wani jan taɓo mai ɗan yashi-yashi ya biyo hannuna. Na haska tocila cikin tankin, ƙasan duk tsatsa ce, musamman kwarin da ruwa ke kwanciya. Mashin ɗin ya daɗe a ajiye da tanki rabi kafin ya iso hannuna, wannan a bayyane yake. Sauran kuma namu ne na nan, man galan na bakin titi da ake zubawa babu tacewa.

An nemi N190,000 a kan famfo sukutum, shi ma na hannu. Na ce a'a, motar famfon tana juyawa lafiya. Wani yaro a garejin ya ba ni shawarar a huda rariyar ko a cire ta gaba ɗaya, wai mai zai fi gudu. Don Allah kada wanda ya yarda da wannan. Duk tsatsar da rariya ta tare za ta bi ta cikin famfo ta ci shi, ragowar ta je ta toshe injekta, ka tashi daga ƙaramar asara ka faɗa babba. Da tsohuwar rariyar a aljihu na bi shagunan kayan mota ina gwadawa, har na samu ta famfon wata ƙaramar mota mai baki iri ɗaya, N4,500. Ta ɗan fi tawa tsawo, amma ta zauna ba ta lanƙwashe ba, zoben riƙonta ya kama gam.

Wankin tanki ya fi komai cin rai. Na cire duk abin da ke jikinsa, na toshe ramin famfo da katako da robar tsohon tub, na zuba noti da kusoshi cikin hannu biyu na yi ta jijjigawa har kafaɗuna suka sage. Sannan na cika shi da ruwan kal ya kwana. Abin da ya fito da safe ba ya ganuwa. Wurin da ake kuskure shi ne bayan nan, don ƙarfen da tsami ya wanke nan da nan yake sake yin ja. Na ɗauraye da ruwa, na bi da ruwan kanwa tatacce don ya kashe tsamin, na sake ɗaurayewa, na shanya a rana tsaka. Ranar Kebbi kam ba ta ɓata lokaci. Yana bushewa na zuba ɗan fetur da ɗigon baƙin mai na zagaya cikinsa. Ku ƙirga notin da kuka zuba, ku tabbata adadinsu ya fito.

Da na mayar da komai na maimaita gwajin robar, man ya fito da ƙarfi har yana fantsama, ya wuce layin biron nan nesa ba kusa ba.

Yanzu ne nake hawan mashin ɗin da na saya. A takarda ƙarfin doki 72 ne a 8,500, amma ni ba can sama ya burge ni ba. Tsakanin 4,000 da 7,000 ne daɗinsa yake, ka wuce babbar mota a giya ta biyar ba tare da ka sauke ba. Wannan shi hanyoyinmu ke buƙata, tunda ba ka minti biyar ba ka haɗu da rami, ko shanu, ko amalanke ba. Zafin da yake hura mini a ƙafa cikin gosulo ya ɗan ragu, kuma ban yi mamaki ba, injin da ke yunwar mai ya fi ɗaukar zafi. Yana ba ni wajen kilomita 20 a lita, tankin kuma lita 15.5 ne, don haka Argungu ko Jega zuwa da dawowa ba abin tunani ba ne. Tun da aka cire tallafin mai a 2023 dai ba na aiken cefane da shi, ƙaramin mashin ɗina ke wannan.

Ba zan ɓoye abin da ba na so ba. Nauyinsa ya kai kilo 200, juya shi a lungu mai yashi aiki ne. Salansarsa a ƙarƙashin inji take, in ka ɗauko mutum sai ka hau tudun rage gudu a karkace, in ba haka ba ka ji ƙarar da ba ka so. Da yake ba shi da gilashin gaba, ka wuce 120 iska za ta riƙa dukan ƙirjinka tana ja maka wuya. Ni wannan ma na ɗauke shi alheri, yana hana ni wuce gona da iri.

Mai kuma yanzu gidan mai kawai nake sha. In tafiya ta tilasta mini na galan, akwai mazurari da farin ƙyalle a ƙarƙashin kujera, kuma ba na barin tanki ya sauka ƙasa da kwata, tunda man ne ke sanyaya famfon. Bayan Sallah zan sake buɗewa in ga halin da sabuwar rariyar take ciki.

Abin da ya rage shi ne tayar baya. Tawa 160/60-17 ta kusa kai alama, gefenta ya fara tsatstsagewa, kuma duk wadda aka nuna mini a nan ta hannu ce da ta shekara da shekaru. Lamba huɗun nan na jikin taya ku riƙa dubawa, biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara. Wanda ya san mai sabuwa a Sakkwato ko Kano da ba zai yanke ni ba, ya taimaka ya haɗa ni da shi kafin damina ta sauka.