Kayan ɗakin ajiya da haƙƙin masu su

A yawancin gidajen Sakkwato da na sani, daga cikin gari har zuwa unguwanni irin su Mabera da Arkilla, akwai ɗaki guda da aka sallama wa kayan da ba a amfani da su, ba a kuma iya rabuwa da su. Hujjar da ake kafawa ita ce ajiya maganin wata rana, kuma ba na musun karin maganar, sai dai ban ga ajiyar da ake yi ba idan an jibge kaya a ƙarƙashin rufin kwano a garin da zafin watan Afrilu yake haura digiri 40. Roba tana ƙeƙashewa ta tsage, takalmin fata yana bushewa ya kanannaɗe, batirin tsohuwar waya yana kumbura, ƙurar hunturu tana ratsa kowace kafa, sannan damina ta zo da gara ta ƙarasa abin da ya rage.

Da muka buɗe namu ɗakin kafin azumin bana, abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne akwatin ƙarfe na Inna. A ciki akwai turamen atamfa na lefenta waɗanda almakashi bai taɓa taɓawa ba, launinsu yana nan kamar jiya aka saya, amma da yayata ta warware turmi ɗaya sai ya yage da kansa a kan layin ninki. Da an fitar da su tun da ƙarfinsu, da sun suturta mata da yawa a cikin dangi.

Duk da haka, ɗaga kaya da share ƙura ba su ne wahalar aikin ba. Wahalar ita ce kusan kowane abu yana da mai shi, kuma wanda ya gaji da cunkoso ba shi ne yake da ikon bayarwa ba. Kwanukan samira da langa da tasoshin da aka yi wa Inna jere da su mallakarta ne, ba na gida ba, don haka sai da muka zauna a gabanta aka riƙa ɗaga mata su ɗaya bayan ɗaya. Wani ta ce, "Ku kai wa Gwaggonku, ita tana da taron jikoki," wani kuma ta ce a mayar mata, kuma babu wanda ya nemi dalili. Manyan riguna da rawunan marigayi Baba kuwa gado ne, ko da sun tsufa, kuma ba ya halatta ɗa guda ya yi sadaka da su sai da yardar sauran magada. Wannan ne ya fi jawo jinkiri, domin sai da aka kira na nesa a waya kowa ya furta amincewarsa.

Sauran kayan ba su ba mu wuya ba. Ankon bukukuwan da aka saka sau ɗaya dillaliya ta kwashe, mataccen janareta da tsofaffin tukwanen alminiyam 'yan gwangwan suka auna a kan kilo, magungunan da wa'adinsu ya wuce aka raba su da gidan da yara suke. Takardu da guntayen littattafai masu ɗauke da ayoyi ba su shiga bola ba, an ƙona su an binne tokar.

Wurin da muka saɓa da ƙanena shi ne kyauta. Shi yana ganin duk abin da ba mu so a tara wa almajirai, ni kuwa ina ganin rigar da ta yage har ba za ka iya miƙa wa ɗan'uwanka ba tsumma ce, kuma aya ta 267 a Suratul Baƙara ta hana a nufi mummuna a ciyar da shi. A ƙarshe aka wanke masu kyau aka goge kafin a bayar, yagaggun kuma aka yanka su na goge-goge. Gadon ƙarfe mai rumfa ne kawai har yanzu ba a yanke shawara a kansa ba, domin Inna ta ce a jira Yaya Babba ya dawo daga tafiya.