"Ƙyale shi, maza dama ba sa saurin baki"

Duk gidan da yaro ya kai shekara biyu bai fara magana ba zancen ɗaya ne wallahi, kaka ta ce a ƙyale shi ai ubansa ma sai da ya shekara huɗu, gwaggo ta ce namiji ne dama nauyin baki gare su, maƙwabciya ta ce a kira wanzami ya duba ko linzami ne ya riƙe masa harshe. Ita kuma uwar tana nan hankalinta bai kwanta ba amma ba bakin magana, bare in ɗan fari ne ga alkunya.

Eh, akwai yaran da ke yin jinkiri daga baya su kamo sa'o'insu ba wani magani, ban musa ba. Amma wanda matsalarsa a kunne take fa? Yaron da ba ya jin magana a ina zai koye ta? Kuma mu nan abubuwan da ke taɓa kunnen yara ba kaɗan ba ne, shawara mai tsanani a satin haihuwa, sanƙarau, ƙyanda, ga ciwon kunnen nan mai zubar da mugunya da muke ɗauka ba komai ba a sa auduga a toshe shi kenan.

Abin da likitocin yara ke dubawa ba wani abu mai wuya ba ne. Ɗan shekara ɗaya ana so yana gwaranci, ba-ba-ba, da-da-da, yana waigowa in an kira sunansa, yana ɗaga hannu in an ce bai-bai. Wata 18 ya kasance yana da 'yan kalmomi yana kuma nuna abin da yake so da yatsa. Shekara biyu ya fara haɗa kalma biyu, irin su "Umma ruwa". Wanda kuma ya fara magana sai ta ɗauke, wannan kam ba a jira ko sati, asibiti kawai.

Ki gwada a gida. Yana wasa ki lallaɓo ta bayansa, kar ya ga inuwarki, ki kira sunansa a hankali. Ko ki ce "kawo min takalminka" hannunki a cinya, ba nuni ba kallon wajen, don yaran nan wayo gare su, da ido suke karanta mu sai mu rantse suna ji. Amma wannan ba ya maye gwajin asibiti, akwai na'urar da ake sa wa jariri a kunne yana barci ma, 'yan mintoci an gama ba zafi ba allura. A Kaduna akwai cibiyar kula da kunne ta ƙasa, manyan asibitocin koyarwa ma suna da sashen kunne da hanci da maƙogwaro.

A Amurka ƙungiyar likitocin yara ta ce a riƙa tantance ci gaban kowane yaro a wata 9 da 18 da 30 ko da lafiyarsa lau. Mu ba mu kai nan ba, amma ai muna kai su allurar ƙyanda a wata 9 da kuma wata 15, to dan Allah kar a tsaya iya awo da allura a goya a taho, a buɗe baki a gaya wa nas ɗin cewa yaron nan har yanzu shiru.

Sai batun waya, wanda na san zai ɓata wa wasu rai. Tun 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce yaron da bai kai shekara biyu ba kar a zaunar da shi gaban allon waya ko talabijin, mu kuwa katun ne ke mana raino in za mu ɗora girki. Katun ba ya jiran amsa, ke ce in ya ce "wawa" za ki ce masa "ruwa kake so?" har ya gyara. Masu cewa kuma haɗa masa Hausa da Fulatanci ko Turanci ne ya rikita shi, ba haka ba ne, yare biyu ba ya hana yaro magana, kowa ya ci gaba da yi masa da wanda bakinsa ya fi sabawa.