Awo kafin haƙa: abin da nake faɗa wa masu son burtsatse a Katsina

A aikin ruwa, kuɗin da mutane suka fi jin zafin fitarwa shi ne na injiniyan da zai auna wuri, ya tsara aiki, ya kuma tsaya a kan ɗan kwangila har a gama. Kuɗin bututu ba a gardamarsa, don ido na ganin bututun. Na tanki da sola da sumo, wato injin da ake zurawa cikin rijiya ya turo ruwa sama, ma haka. Amma da an iso layin da aka rubuta binciken ƙasa da gwajin ruwa, sai ka ga an ɗauki biro za a soke. Wannan ita ce sana'ata, na daɗe ina yin ta a cikin Katsina da ƙauyukan kewaye, kuma abin yana ci mini tuwo a ƙwarya, domin akasarin burtsatsen da ake kira na in duba bayan sun daina ba da ruwa, daga wannan layin da aka soke ciwonsu ya samo asali.

Sai mutum ya san irin ƙasar da muke zaune a kai kafin ya gane dalili. Yawancin jihar Katsina a kan dutse take. In ka wuce jar ƙasa da marmara da ruɓaɓɓen dutse, sai ka ci karo da dutse mai tauri, wanda ruwa ba ya zama cikinsa sai inda ya tsage. Can arewa wajen iyakar Nijar akwai wuraren da yashi ya yi kauri, haƙa ta fi sauƙi, amma a wurare da dama sai an nemi tsagar. Shi ya sa za ka ga maƙwabta biyu, katanga ce kawai tsakaninsu, ɗaya ya samu ruwa har yana ba 'yan ga-ruwa, ɗayan an nutsa masa fiye da na maƙwabcin amma ƙura kawai injin ya yi ta fesowa. Damina kuma gajeriya ce a nan, daga Yuni zuwa Satumba galibi, ita ce ke ciyar da ƙasa ruwan da za mu sha shekara guda.

Awon da muke yi ba wani abin ɓoye ba ne. Turakun ƙarfe huɗu ake kafawa a layi ɗaya, a ja musu waya zuwa na'ura da batir. Biyu na gefe su tura wuta cikin ƙasa, biyu na tsakiya su karanta yadda ƙasar ta karɓe ta. Busasshen dutse yana tare wuta, inda ke da danshi ko tsaga mai ruwa kuwa wutar na ratsawa da sauƙi. Duk sanda muka ƙara buɗe tazarar turakun, awon yana ƙara nutsawa ƙasa. Da bazara ƙasa kan bushe ƙamas har turken ya ƙi kama wuta, sai yaron da ke riƙe da guduma ya tsiyaya ruwan gishiri a gindinsa. Da sassafe muke fita, kafin rana ta buɗe, yaran unguwa suna biye da mu suna tambaya ko zinariya muke nema. Ina kuma faɗa wa kowa gaskiya tun farko: na'urar ba ta ganin ruwa da ido. Inda ya fi kyautata zato take nunawa, da zurfin da ya kamata a tsaya. Amma tsakanin wannan da kafa inji a inda mai gida ya nuna da sanda akwai nisa mai yawa.

Kwanakin baya kwamitin wata Islamiyya da ke ɗaya daga cikin sababbin unguwannin hanyar Dutsin-Ma suka neme ni. Wani bawan Allah ne ya ba da kuɗin burtsatse, sadakatul jariya ga mahaifinsa. Shugaban kwamitin, dattijo mai mutunci, ya kama hannuna ya kai ni bakin ƙofa.

"Injiniya, nan muke so. Mata da yara su ɗiba ba sai sun shigo cikin makaranta ba."

Na duba, sai ga murfin sokawen makarantar taku kaɗan daga wurin, bayan katanga kuma ga na maƙwabci. Na ce, "Baba, niyyarku mai kyau ce, kuma za a yi yadda kuke so. Famfo za a kawo bakin ƙofa da bututu. Amma ramin kansa a bar ni in nema masa wuri."

Ya yi shiru, sannan ya ce, "To kuɗin bututun fa, ɗana?"

Na lissafa masa. Bai kai kuɗin haƙa mita biyar ba. Awo ya nuna kusurwar gabas, bayan ajujuwa, kuma nan ne ya fi nisa da kowace salga. Aka haƙa a can. Abin da ya fi burge ni da dattijon nan shi ne, ranar gwajin ruwa ya ɗauko tabarmarsa ya zauna tare da mu har dare, yana tambayar ma'anar kowace lamba da nake rubutawa.

Gwajin nan shi ne abu na biyu da ake yawan tsallakewa. Da ruwa ya yi tsartuwa sama, an yi kabbara, an ɗauki hoto, sai mai inji ya naɗe kayansa. Alhali tsartuwar nan iskar kwamfureso ce ta turo ta, ba ta nuna ƙarfin rijiyar. Abin da ya dace shi ne a sa famfo ya yi ta ja ba tsayawa, aƙalla awa 24 ga rijiyar jama'a, ana auna yadda ruwan ke sauka, sannan a kashe a auna saurin dawowarsa. Daga nan ake sanin girman sumon da za a saya da zurfin da za a rataye shi. Mu ɗauka rijiya tana ba da rabin lita a daƙiƙa guda. Lita 1,800 ke nan a awa. In sola ce, kuma rana ta ba ka awa shida masu ƙarfi, ka samu lita 10,800 a yini. A lissafin lita 20 ga kowane mutum, wanda shi ne mafi ƙarancin abin da Hukumar Lafiya ta Duniya ke ɗauka na sha da girki da 'yar tsafta, mutum 540 za ta ɗauka. In unguwar ta kai mutum dubu biyu, babban sumo ba zai ƙara wa rijiyar ruwa ba. Zuƙe ta zai yi har ya fara shan iska da yashi, ya ƙone cikin 'yan watanni, a ce ai kayan yanzu ba su da ƙarko.

Akwai kuma abin da ke binne, wanda in ba a tsaya a kai ba ranar da ake yin sa, ba mai sake ganinsa har abada: ingancin bututun da aka zura, daidaita bututu masu huda, waɗanda ruwa ke shigowa ta cikinsu, da inda ruwa yake, wankakkiyar tsakuwar da ake zubawa a kewaye don ta tare yashi, da simintin da ake toshe 'yan mitocin sama da shi. Simintin nan shi ke hana ruwan kwata bin jikin bututu ya gangara cikin rijiya. Buhu kaɗan ne, amma shi aka fi cinyewa. Ranar zuba shi ba na aika kowa, da kaina nake tsayawa.

Maganar sokawe ita ta fi tayar mini da hankali, don ita ce ke taɓa lafiyar yara kai tsaye. Shawarar da aka saba bayarwa ita ce a bar tazarar mita 30 tsakanin salga ko sokawe da rijiya. Filayen da ake yankawa a sababbin unguwanninmu kuwa, da yawa ƙafa hamsin-hamsin ne, wato kusan mita 15 kowane gefe. Ko mai hamsin da ɗari ne, tsawonsa gaba ɗaya shi ne mita 30 ɗin. Ka ga ko mutum ya so, filinsa ba zai ba shi tazarar ba, kuma ko ya nisanta da tasa salgar, ga ta maƙwabci a jikin katanga. A ƙasa mai tsagaggen dutse abin ya fi muni, domin ƙazanta na bin tsagar ta yi tafiya ba tare da ƙasa ta tace ta ba. Ruwan zai fito garau, ba wari, ba ɗanɗano. Ɗakin gwaji kaɗai zai gaya maka. Ƙa'ida ita ce kada a samu ƙwayar cutar da ke nuna bayan gida ko guda ɗaya a cikin mililita 100, sinadarin naitiret kuma kada ya wuce miligiram 50 a lita, saboda jarirai. Wanda ya ga yadda amai da gudawa ta yi ɓarna a jihohin Arewa a 2021, har da tamu, ba zai ɗauki wannan da wasa ba.

Don haka ni a ganina, burtsatse a kowane gida ba mafita ba ce ga birni kamar Katsina. Dole ce ta sa, kuma ban ga laifin wanda ya haƙa don iyalinsa ba. Amma gari mai wannan girma ruwan famfo yake buƙata, daga matata guda da ake sa wa ido. Madatsar Ajiwa da ke ƙaramar hukumar Batagarawa tun shekarun 1970 aka gina ta, lokacin garin bai yi nisa da ganuwa ba. A 1987 Katsina ta zama babban birnin jiha, unguwanni suka yi ta tsirowa ta Ƙofar Ƙaura da Ƙofar Ƙwaya da hanyar Jibiya da ta Daura. Madatsar Zobe da ke kusa da Dutsin-Ma, a kan kogin Karaɗuwa, an gama ta a 1983, tana iya riƙe ruwa fiye da kubik mita miliyan 170, amma sai a 2021 Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar da aikin tace ruwanta da turo shi. Darasin da na ɗauka a matsayina na mai tsara aiki shi ne, madatsa kashi ɗaya ce kawai. Sai an haɗa da matata, da wutar da za ta juya injina, da babban bututu, da tankunan ajiya, da ƙananan bututun cikin layi, da kuɗin sayen magani kowane wata. In ɗaya ya faɗi, famfon gidanka shiru zai yi ko da dam ya cika ya batse.

Aikin matata yana da daɗin kallo ga wanda ya fahimce shi. Da damina ruwan dam kan zo jajir da laka. Ma'aikaci zai jera kofunan gilashi shida, ya cika su da ruwan, ya zuba alif a kowane da ma'auni daban, ya juya da sauri na ɗan lokaci, sannan a hankali. Kana tsaye za ka ga lakar tana haɗuwa gudaji-gudaji tana sauka, kamar yadda gasara ke kwanciya a gindin roba ruwa ya taso sama. Kofin da ya fi washewa da alif mafi ƙaranci, shi ne ma'aunin ranar. Gobe in an yi ruwan sama, sai an sake. Daga nan ruwa ya bi ta yashin tacewa, sannan a sa kulorin a ba shi aƙalla minti 30 ya yi aiki. Ana son ko a famfon ƙarshen gari a tarar da saura, kamar miligiram 0.2 a lita. Masu cewa ruwan famfo na warin magani, wannan ɗan warin shi ne mai gadinku.

Dalilin barin sauran kuwa shi ne bututunmu na cikin gari. Da yawa sun ratsa ta cikin kwata, an yi musu ɗauri da robar taya. Muddin akwai ruwa da ƙarfi a ciki, waje yake tsiyaya. Da an ɗauke ruwa bututun ya zama fanko, sai ya riƙa zuƙo na kwatar ta wannan hudar. Ranar da aka kawo ruwa, abin da ya fara isa bokitinka ke nan. Duk sanda aka ba ni tsara bututun wata unguwa, wannan nake fara bi da ƙafa, layi-layi, tare da mai gyaran famfon da ya san inda aka binne komai.

Ta ɓangaren ƙazantar bayan gida, ba mu da babbar magudanar ƙarƙashin ƙasa irin wadda ke kai na wasu sassan Abuja matatar Wupa, kuma ba na jin ita ce abin da ya kamata mu fara nema. Abin da ke gabanmu shi ne inda motocin kwasar masai ke juye kayansu. Zafin ranar da muke kuka da shi yana da amfani a nan: jerin tafkuna da aka tsara da kyau a bayan gari, nesa da rijiyoyi, ƙazanta na bi daga wannan zuwa wancan, rana da ƙananan halittun ruwa suna cinye ta, ba inji, ba dizal. Fili yake ci, da mai kula na dindindin.

In kai ne ke shirin haƙa, ko kwamitin masallaci, ko ƙungiyar unguwa, ga abin da nake roƙo. Ku nemi injiniya mai rajista da COREN, hukumar da ke kula da aikin injiniya a Najeriya, ko masanin ƙasa mai rajista, wanda ba yaron mai injin haƙa ba ne, don wanda ake biya bisa yawan mitar da ya nutsa ba shi ya kamata ya ce a tsaya ba. In gidajen layinku za su iya haɗa kuɗi su yi rijiya ɗaya a wuri mai tsabta su ja bututu, ya fi kowa ya huda tsakar gidansa. Kada ku biya cikon kuɗi sai an damƙa muku takarda mai ɗauke da zurfin ramin, irin ƙasar da aka ratsa mita bayan mita, inda aka sa bututu masu huda, sakamakon gwajin jan ruwa, da na ɗakin gwaji. Ku adana ta tare da takardun fili, don duk mai gyaran da zai zo nan gaba ita zai fara tambaya. Gwajin ƙwayoyin cuta kuma a maimaita shi kowace shekara, cikin Agusta ko Satumba lokacin da ƙasa ta ƙoshi, a cikin kwalbar da ɗakin gwajin ya bayar, a sa ta cikin ƙanƙara, a kai ta a ranar.