Yadda na kwashe laccocin PRP daga kasa-kasan kawuna

Kawuna ya yi NEPU, jam'iyyar talakawa ta su Malam Aminu Kano, yana saurayi, ya yi magajiyarta PRP da furfura a kansa, kuma yana cikin mutanen da ba sa zuwa lacca sai da rikoda a hammata. Bayan rasuwarsa, Allah Ya jiƙansa, iyalinsa suka ba ni adakar kasa-kasansa in duba ko da abin amfani a ciki. Akwai wa'azi, akwai waƙoƙi, amma mafi yawa laccocin siyasa ne da aka ɗauka tsakanin 1978, da sojoji suka ɗage haramcin siyasa, zuwa ƙarshen 1983 da suka dawo.

Duk wanda ya ji ina wannan aiki, sai ya tambaye ni ko akwai muryar Malam Sa'adu Zungur, ko jawabin ranar da aka kafa NEPU a Kano, 8 ga Agusta 1950. Babu su a wurina. Sa'adu Zungur ya rasu a 1958, kamfanin Philips bai fito da kaset ba sai 1963, kuma bai zama kayan hannun talaka a nan ba sai cikin shekarun 1970. Lokacin da ake gurfanar da 'yan NEPU gaban alƙali ana ɗaure su, 'Yan Mahaukata, 'yan bangar abokan hamayyarsu, suna tarwatsa musu taro, na'urar naɗar murya ba a hannunsu take ba. Abin da ya iso gare mu shi ne tsofaffin 'yan gwagwarmaya a kan dandamalin PRP, suna ba matasa labarin haraji da jangali da aikin tilas da bulalar da suka sha, shekara ashirin da wani abu bayan faruwar abin. Wannan ma ba ƙaramar dukiya ba ce.

Kafin in saka kowane kaset a rediyo, sai na ɓalle 'yan kunnuwan nan biyu na samansa, don kada yatsa ya kuskure ya danna jan maɓalli a shafe magana. Daga nan sai dubawa. Ƙurar hunturu da sauƙi, ana kakkaɓe ta. Funfunar damina ita ce matsala: farin gari-gari ne a gefen zare, kuma in aka kunna kaset a haka zai shafa wa rediyon, rediyon ya shafa wa na gaba. Irin waɗannan na ware su daban. Wasu kuma ɗan soson da ke tallafe zare ya faɗi, sai murya ta riƙa fita a dusashe. Maganinsa a kwance sukurori, a ɗauke zaren a mayar da shi gidan wani kaset mai lafiya. Na kuma riƙa juya kowanne da biro tukuna, in ji ko zai tafi salin-alin ko ya manne.

Rediyon da za a yi aikin da shi ya fi kwamfutar muhimmanci. Wani tsohon mai gyaran rediyo ne ya sauya mini bel, ya nuna mini yadda ake goge kan da ke karanta zare da auduga da sifirit, sannan ya nuna mini wani ɗan sukuru a gefensa. In ka juya shi kaɗan kana saurare, sai ka ji maganar da take kamar daga cikin tulu ta washe. Dalili shi ne kowace rikoda da nata karkatar kai, don haka kusan kowane kaset sai an sake daidaita masa. Ina ɗauka da manhajar Audacity, in ajiye a tsarin WAV. Kaset ɗin C90, mai minti casa'in, guda yana cin kamar gigabait ɗaya da rabi. MP3 na tura wa mutane ne a waya, ba na ajiya ba ne. In ana kan janareta kuwa, gara a haƙura, ko a koma kan batir, don gurnanin wuta yana bin waya ya shiga cikin sauti.

Akwai kaset ɗin da muryar mai jawabi ke ta sirancewa tana sauri yayin da ake matsowa ƙarshe. Batirin rikodar ne ya yi sanyi a wurin taron, zare ya riƙa tafiya a hankali, yanzu da aka kunna shi daidai sai magana ta yi gudu. Ana iya gyara wannan a kwamfuta, amma a kan kwafi nake yi. Na asali ina barinsa yadda ya zo.

A kan wannan na yi gardama da wani ƙanena da ya iya harkar sauti fiye da ni. So yake ya share hayaniya, ya yanke kirari da tafi da kukan lasifika, ya bar jawabi tsantsa. Ban yarda ba. A cikin hayaniyar nan ake jin mai kira yana cewa PRP jama'a na amsa Nasara, ake jin inda aka yi tsit da inda aka ɓarke da sowa, ake jin guɗar mata daga wani gefe. Inda taro ya yi sowa shi ke nuna maka abin da ke ci wa mutane tuwo a ƙwarya a lokacin. In ka share shi, ka san abin da ɗan siyasa ya faɗa, ba ka san abin da talaka ya ji ba.

Aikin da ya fi cin lokaci shi ne gano wa ke magana, a ina, yaushe. Kawu ba ya rubuta komai a jikin kaset sai kalma ɗaya ko biyu da ajami, wani lokacin sunan gari kawai. Muryar Malam Aminu Kano ba ta ɓuya, haka ta Abubakar Rimi. Sauran fa? Shekara kam maganar kanta takan tona ta. In ana alkawarin soke haraji da jangali, to kafin Oktoban 1979 ne, don da hawan Rimi kujerar gwamna a Kano da Balarabe Musa a Kaduna suka soke su. In ana habaicin santsi da taɓo, sunayen ɓangarorin PRP biyu, jam'iyya ta riga ta rabu, daga 1980 ke nan. In ana kukan tsige Balarabe Musa, an wuce Yunin 1981. In kuma aka ce marigayi Malam, to bayan 17 ga Afrilun 1983 ne, ranar da Malam Aminu ya rasu.

Sunayen mutane kuwa sai dattawa. Na riƙa ɗaukar waya da ƙaramar lasifika ina zuwa majalisarsu bayan la'asar. Wani abokin kawu ya saurari minti biyu ya ce, “Tsaya, yaro, mayar baya.” Na mayar. Ya faɗi sunan mai maganar, tela ne, shugaban jam'iyya na unguwarsu, an taɓa ɗaure shi a zamanin En'e. Na ce, “Baba, ka tabbata?” Ya ce tare suka tsaya a gindin motar lasifika ran nan. Ba za ka sami sunan telan nan a littafi ba. Na rubuta shi, na rubuta wanda ya shaida shi da ranar da ya shaida, inda dattawa biyu suka saɓa kuma na rubuta duka biyun. Tun daga nan na sauya tsarin aiki: kaset zai iya jira wata shida a wuri mai sanyi da bushewa, dattijo ɗan tamanin da ɗoriya ba ni da tabbas a kansa. Duk wanda na kwashe, a makon nake kai shi majalisa.

Abin da ya dame ni shi ne ƙarancin muryar mata. Hajiya Gambo Sawaba ta sha ɗauri saboda neman 'yancin matan Arewa, waɗanda ba su fara jefa ƙuri'a ba sai 1976, amma a duk adakar jawabin mace bai wuce 'yan mintuna ba, shi ma kaset ya ƙare tana tsakiyar magana. Mai rikoda yana tattalin batir da zare ne saboda manyan baƙi. Yanzu ina bin gidaje ta hannun gwaggona, ko a cikin kayan tsofaffin shugabannin mata za a dace.

Ban cika sakin guntaye a WhatsApp ba, don na ga yadda ake yanko daƙiƙa talatin a liƙa wa rigimar yau. Wanda ya nema ina ba shi jawabi cikakke, da bayanin wuri da shekara a farkonsa. Kwafi uku nake ajiyewa: ɗaya a kwamfuta, ɗaya a ma'ajiya ta daban a wani gida, ɗaya a intanet. Kasa-kasan kuma ban zubar ba, suna tsaye a kwali nesa da rana da lasifika, saboda maganaɗisu yana ɓata zare. Da iyalin kawu muka yi shawara za mu kai kwafi Gidan Mambayya da ke Gwammaja, tsohon gidan Malam Aminu da yanzu yake ƙarƙashin Jami'ar Bayero, wani kuma Gidan Arewa a Kaduna, tare da littafin da na rubuta sunayen a ciki.