Tankin da na yi wa faci

Ina shekara ta uku da fara koyon walda a Kano, wani mai facin taya ya turo mana tankin kwamfaresarsa a baro, ya ce iska na zurarewa ta ƙasa. Maigida ba ya nan. Da sauran iska a ciki, sai na shafa ruwan omo a gindin tankin, kumfa ta taso daga wani huji da bai wuce bakin allura ba. Na sace iskar, na ɗora walda, wajen ya ƙara burmewa. Na yanko ɗan falle na manna a kai, na goge shi tas. Har ina jin kaina gwani.

Da maigida ya dawo bai yaba ba, bai yi faɗa ba. Ƙaramar guduma ya ɗauka ya bi tankin yana ƙwanƙwasawa. Sama ƙara take yi kamar ƙararrawa, ƙasa kuwa kamar ana bugun kwali. Ya ce da mai shi: "Malam, bari in tsaga maka ka gani da idonka. In ƙarya nake, ni zan biya." Ya juyo gare ni: "Kai, miƙo garanda."

Jan ruwa ne ya fara dalalowa, sannan tsatsa ɓawo-ɓawo. Gefen facina ƙarfen bai fi gwangwanin madara kauri ba. Ashe iskar da ake matsawa tana tafe da laima, in ta huce sai ta zama ruwa ta kwanta a gindi. Akwai ɗan bawul a ƙasa domin zubar da shi, amma mutumin bai taɓa murɗa shi ba. Hujin da na toshe alama ce kawai, ciwon na ciki. Maigida ya yi mini lissafi a ƙasa da tsinke: a matsin bar 10 (bar shi ne ma'aunin matsin iska), kowane santimita ɗaya murabba'i yana ɗauke da kusan kilo 10. Faci mai faɗin santimita 10 da tsawon 10 ke nan tan guda ke tura shi. Jikina ya yi sanyi.

Sai da na samu aiki a wata masana'antar shinkafa na fahimci sauran. A can akwai tukunyar tururi da ake turara shinkafa da ita, da tankunan iska manya, kowanne da allon ƙarfe a jiki mai nuna iyakar matsinsa. Yawanci baƙin ƙarfe ne mai kauri, don ya fi araha kuma yana karɓar walda. Inda abinci ko magani zai taɓa, ko sinadari mai cin ƙarfe, sai a koma sitenles, wato farin ƙarfen nan da ba ya saurin tsatsa. Injiniyanmu ne ya nuna mini dalilin da ba a yin su da kusurwa kamar akwati: matsi na taruwa a lungu, shi ya sa ake yin su zagaye, kawunansu kamar ƙwarya. Kuma a tanki mai siffar ganga, ɗinkin da ya bi tsawo yana ɗaukar ninki biyu na wanda ya zagaye. Tun daga nan na daina kallon waldar biyu a matsayin abu ɗaya.

Abin da ya fi burge ni gwajin ruwa ne. Ana cika tanki da ruwa fal, a fitar da iska kaf, a matsa da famfon hannu har ya kai ninki 1.3 na iyakarsa, kamar yadda ƙa'idar ASME, ƙungiyar injiniyoyi ta Amurka, ta tanada. Ruwa ba ya matsuwa, in wuri ya tsage sai dai ya yi tsartuwa geji, wato agogon da ke nuna matsi, ya faɗi. Iska kuwa bam ce. Ita ƙa'idar ma jini ne ya haife ta: a 1905 tukunyar tururi ta fashe a wata masana'antar takalma a Massachusetts, mutum 58 suka mutu. Ni kuma a da da iska nake gwada aikina, kunnena a jikin ƙarfe ina sauraren tsiyaya!

Yanzu ina da shagona. Ƙofa, gado, tankin ruwa, duk ina yi. Amma in aka kawo tankin iska mai huji a gindi, guduma nake fara ɗauka. Wasu su yi fushi su wuce shago na gaba, a can a yi musu. Guntun wancan gindin da maigida ya yanke yana nan rataye a ƙusa, da facina a jiki, har yau bai ɓalle ba.