Na fara da sola, ashe inuwa ce farko

Ranar da na zauna zana gidan da zan gina a karkara, farantan sola kawai ke cikin kaina: guda nawa zan saya, batir nawa, wace irin inbata, wato na'urar da ke mayar da wutar batir irin wadda kayan gida ke amfani da ita. Sai da na ɗauki biro na yi lissafin wutar da muke sha a yini jikina ya yi sanyi. Ƙwan LED goma masu wat 9, fanka uku da firij ɗaya, duka wajen kilowat-awa 3 suke ci. Na'urar sanyaya ɗaki ɗaya tak mai wat 1,000, in ta yi awa shida tana aiki, ta sha 6. Wato zafin ɗaki shi ne zai cinye kuɗina, ba fitila ba. Nan na ajiye maganar sola na koma kan ginin kansa.

Na miƙar da tsawon gidan daga gabas zuwa yamma, don gajerun bangwaye su ne su fuskanci fitowar rana da faɗuwarta, manyan tagogi kuma su kalli kudu da arewa. Bakin rufi na fitar da shi kusan mita guda, saboda ranar tsaka ta tsaya a kansa, kada ta taɓa bango. Bangon kuwa tubalin ƙasa ne da aka matse da inji, da ɗan siminti a ciki, mai kauri sosai. Magini ya yi ta gunaguni wai ina da halin bulo na koma laka. Amma bango mai kauri yakan riƙe zafin yini, ba ya sako shi sai dare, lokacin da an buɗe tagogi iska tana kwashewa. Na sa farin kwano, na bar sarari tsakaninsa da silin, na huda ƙananan kafofi can sama, tunda iska mai zafi sama take tashi.

Duk wannan ya yi. Inda na yi wauta ɗaya ne, kuma da idona a buɗe. Akwai wani tudu yamma da filin, rana kan faɗa bayansa da kyan gani, sai na dage a yi mini ƙatuwar tagar gilashi a falo tana kallonsa. An gargaɗe ni, na toshe kunne. Ranar yamma a kwance take zuwa, bakin rufi ba ya tare ta komai tsawonsa. Daga ƙarfe uku falon ya zama tanda. Labule bai yi magani ba, domin zafin ya riga ya ratsa gilashi kafin ya iso shi. Inuwa daga waje ake yin ta. Ƙarshenta na kafa rumfar katako a gaban tagar, na dasa itatuwa biyu, yanzu ina leƙen tudun nawa ta tsakanin sanduna.

Solar da na saya daga baya ba ta kai rabin wadda na yi niyya ba. Batir na zaɓi na litiyam, don mai ruwan asid ba a so a sauke shi ƙasa da rabi, in ba haka ba ya mutu da wuri. Abin da ban sa a lissafi ba shi ne ƙura: in an kwana biyu ba a goge farantan ba, caji ya ja baya, ga shi na ɗora su inda sai da dogon tsani.

Ruwan sama ma na raina shi. Milimita ɗaya a kan murabba'in mita ɗaya lita guda ce. Rufina mai murabba'in mita 100, ruwan milimita 20 kawai ya zubo lita 2,000. Tankin da na saya ya cika ya tumbatsa tun ruwa na biyu. Tanki na biyu yana hanya, har an zuba dakalin da zai zauna.