Yoyon mahaɗar ruwa a jikin injin Golf

Masu motar Golf a Sakkwato, in ruwan lagireto na raguwa kuma kun ga farin busasshen tabo a gefen kan injin, ku duba mahaɗar robar da tiyo ke shiga. Zafin Afrilu, da ke wuce digiri 40, yana ƙara gasa ta har ta tsage, ko zoben robar cikinta ya mutu.

Aikin gida ne, amma a bari injin ya huce sarai. A zubar da ruwan ta tiyon ƙasa, a zare wayar sensa (na'urar auna zafin ruwa), a sassauta kilif ɗin da ke riƙe tiyo, sannan a kwance notocin da sufana lamba 10. A kankare wurin tas kafin a ɗora sabuwa da sabon zobe. Don Allah kar a lafta gam, ɓarɓashinsa na toshe lagireto.

Wurin ɗauri ake yawan ɓarna. Roba ce! A ja notocin bi da bi, kaɗan-kaɗan, kusan 10 Nm (ma'aunin ƙarfin ɗauri) ya isa. In an matse da ƙarfi sai ta lanƙwashe, yoyo ya dawo.

A zuba kulan (ruwan maganin sanyaya inji) rabi da ruwa mai tsabta rabi, ba ruwan rijiya ba. A kunna hita, a bar injin na aiki har fanka ta tashi, iska ta fita. Washegari da sanyin safiya a sake duba matakin ruwan.